Mark Firth na Sheffield: Abin da Tarihin Attajiri Yake Tsallakewa

Akwai wani zubi da ake yi wa tarihin attajirai masu kyauta, kuma duk mai yawan karatu ya san shi. An haifi yaro a gidan da babu, ya tashi da himma da tsoron Allah, ya fara sana'a da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka buɗa masa, ya gina makaranta da gidan gajiyayyu, ya rasu gari ya fito jana'iza. Turawan Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya sun ƙware a wannan zubi. Samuel Smiles ya fitar da littafinsa Self-Help a 1859, wanda ya cika da labaran mutanen da suka ɗaga kansu da kansu, kuma ya yi kasuwa ƙwarai. Daga nan kusan duk mai masana'antar da ya mutu, da wannan ma'auni ake auna shi a jarida da littafi.

Mark Firth, mai masana'antar ƙarfe a birnin Sheffield, ya dace da zubin nan har ya zama wurin da ya fi kyau a gwada ƙarfinsa da rauninsa. Abin da nake son nunawa shi ne, labarin da aka saba bayarwa a kansa babu ƙarya a ciki, amma an datse shi a wurare biyu: an rage tsayin matakalar da ya fara takawa, an kuma ɗauke ido daga wutar da ta haifi dukiyar. Marubucin da ya gane waɗannan wurare biyu ya gane rabin aikin rubuta tarihin mutum.

Labarin yadda aka saba ba da shi

An haifi Mark Firth a Sheffield ranar 25 ga Afrilun 1819. Mahaifinsa, Thomas Firth, ma'aikaci ne a kamfanin Sanderson Brothers masu narka tataccen ƙarfe. Mark da ƙanensa Thomas sun bi uban zuwa wannan kamfani bayan sun bar makaranta. Suka nemi ƙarin albashi aka hana su, sai suka fita a farkon shekarun 1840 suka kafa nasu a titin Charlotte da tanderu mai rami shida. Kamfanin ya ɗauki sunan Thomas Firth & Sons, ya samu kasuwa a Birmingham, sannan a Amurka, kuma wajen 1850 ya gina babbar masana'antar Norfolk a gabashin gari.

Daga nan sai sarauta da kyauta. Firth ya shugabanci ƙungiyar maƙeran wuƙaƙe ta yankin, wadda aka kafa tun 1624, shekara uku a jere daga 1867 zuwa 1869. Muƙami ne da za a iya kwatanta shi da sarkin maƙera. Ya zama magajin gari a 1874. Ya gina wa tsofaffi gajiyayyu gidaje a kan kuɗi fam 30,000. A 1875 ya ba gari filin shaƙatawa mai faɗin eka 36, wanda Yarima mai jiran gadon Ingila da matarsa suka zo suka buɗe, suka kuma sauka a gidansa na Oakbrook. A 1879 aka buɗe Kwalejin Firth, wadda ya gina da fam 20,000. Ciwon shanyewar jiki ya same shi yana cikin masana'antarsa, ya rasu ranar 28 ga Nuwamban 1880, kuma jerin masu rakiyar gawarsa ya kai kusan mil biyu.

Kundin nan na tarihin manyan mutanen Birtaniya, Dictionary of National Biography, ya sa shi a juzu'in da ya fito a 1889. Abin lura shi ne yadda ya gabatar da shi a layin farko: wanda ya kafa Kwalejin Firth. Mutumin da ya shafe kusan shekara arba'in yana sayar da ƙarfe, da abin da ya yi a shekarar da ta gabaci mutuwarsa aka yi masa laƙabi. Wannan zaɓi ne na marubuci, kuma daga shi ne sauran labarin yake ɗaukar launi.

Sule saba'in

Wurin datsewa na farko yana ɓoye cikin wani adadi da kundin da kansa ya kawo. Uban yana karɓar sule 70 a mako, 'ya'yan kuma sule 20 kowanne. Ga waɗanda ba su riski zamanin fam da sule ba, sule 20 ne fam guda. Ke nan gidan Firth yana samun fam biyar da sule goma duk mako, a lokacin da leburori da yawa a Ingila ba sa haɗa fam guda. Mai ba da labari yana kawo adadin ne don mu ji tausayin samarin da aka hana ƙari, alhali abin da adadin yake faɗa shi ne uban ba ƙaramin mutum ba ne a wurin aikinsa. Shi ne shugaban masu narka ƙarfe.

Sai an san wannan sana'a ake gane nauyin muƙamin. Benjamin Huntsman ne ya ƙirƙiro hanyar a shekarun 1740: a zuba gutsattsarin ƙarfe cikin tukunyar yumɓu, a saka ta a rami mai wutar gawayin kwal da zafinta ya kai kusan digiri 1,600, a bar shi ya narke ya zama ruwa, sannan a tsiyaye shi cikin mazubi. Babu na'urar auna zafi, babu ɗakin gwaje-gwaje. Da ido shugaban masu narkawa yake sanin ƙarfe ya nuna ko da saura, kuma kuskurensa na ɗan lokaci kaɗan yana iya lalata zubin gaba ɗaya. Ilimi ne da ba ya cikin littafi, a gida ake gadonsa, kuma kamfani ba ya motsi sai da mai shi.

Saboda haka lokacin da 'yan gidan Firth suka bar Sanderson, sun fita da abin da ya fi kuɗi tsada a garin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan bai rage wa Mark Firth komai daga himmarsa ba, domin 'ya'yan masu narka ƙarfe suna da yawa a Sheffield kuma ba dukansu suka gina masana'anta ba. Amma labarin da ya ce daga babu ya taso ya zalunci mutum biyu: uban, wanda aka mayar da gwanintarsa talauci don labari ya yi daɗi, da kuma yaro mai karatu, wanda aka sa ya ɗauka cewa himma kaɗai ta ishe shi.

Charles Dickens ya riga ya hango wannan ciwo. A littafinsa Hard Times na 1854 ya ƙirƙiri Josiah Bounderby, mai masana'anta da banki, wanda ba ya buɗe baki sai ya tuna wa mutane cewa a kwata aka haife shi kuma uwarsa ta yar da shi. A ƙarshe uwar ta bayyana, aka gane ta rene shi da ƙauna, ta sa shi makaranta, shi kuma yana biyan ta kuɗi duk shekara don ta yi nesa da shi. Firth ba Bounderby ba ne. Sunan mahaifinsa ya sa wa kamfani, ya kuma bar shi a haka har ya mutu. Abin da Dickens ya kama shi ne ƙishirwar zamanin ga labarin wanda ya yi kansa, ƙishirwar da ke sa a goge iyaye da malamai daga hoto ko da mai hoton bai nemi haka ba.

Abin da ke cikin tukunya

Wurin datsewa na biyu ya fi girma. Tsakanin tanderu mai rami shida da fam 20,000 na kwaleji akwai shekara talatin da wani abu, kuma tarihin yabo yana ƙetare su da kalmomi biyu, jajircewa da ƙwazo. Mu duba abin da kalmomin suka rufe.

Tukwanen yumɓun nan, da ƙafa ake taka ƙasarsu, mutum ba takalmi yana kai da kawowa sa'o'i da yawa don ya ji tsakuwar da za ta iya fasa tukunya a wuta. Kowace tukunya ba ta wuce zubi uku a yini sai a yar da ita. Mai ciro tukunya yana naɗe ƙafafunsa da jiƙaƙƙen buhu, ya tsaya a bakin ramin wuta, ya sa doguwar awartaki ya ɗago tukunya da narkakken ƙarfe a cikinta. A ƙarƙashin ƙasa akwai yara masu kula da toka da iskar tanderu. Idan ana son babban curin ƙarfe, sai a narka ɗaruruwan tukwane a lokaci guda, mutane su jeru suna tsiyayewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da zubin ya yanke ba, domin yankewarsa lalacewar curin ce. Wannan aiki ne na ɗaruruwan hannuwa da suke motsi kamar na mutum ɗaya. A tarihin yabo, duk suna shiga cikin jumla guda mai cewa Firth ya ƙera. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Me ake yi da manyan curukan? Kamfanin Firth ya sayar wa Samuel Colt na Amurka ƙarfen da ya ƙera libarba da shi, ya kuma zama babban mai samar wa gwamnatin Birtaniya ƙarfen cikin manyan igwa, har da igwa mai nauyin tan 35 ta farkon shekarun 1870 da mai tan 80 da ta biyo baya. Kundin tarihin bai ɓoye wannan ba, kuma dole a yaba masa. Sai dai ya kawo igwa a matsayin bajintar ƙira, abin ƙirga nauyi da tsada, bai bi harsashin ya ga inda ya faɗa ba. Igwa masu tan 80 su aka ɗora wa jirgin yaƙin nan Inflexible, wanda yana cikin jiragen da suka yi wa birnin Iskandariyya na Masar ruwan wuta a watan Yulin 1882, ƙasa da shekara biyu bayan rasuwar Firth. Mai karatu a Landan da mai karatu a Alƙahira ba za su ji jumlar nan ta tan 80 iri ɗaya ba, kuma tarihin da ya san da na farko kaɗai ya yi rabin aiki.

Taswirar garin ma tana magana. Iskar Sheffield galibi daga yamma take kaɗawa. Masana'antu da gidajen ma'aikata suna gabas, cikin kwarin kogin Don, inda hayaƙi yake taruwa. Gidan Firth na Oakbrook yana yamma a unguwar Ranmoor, kusa da gidan abokin hamayyarsa John Brown. Wanda ya ba talakawa filin shan iska ya san sarai inda iska mai kyau take, domin can ya kwana.

Shekarar 1867 da marubuta ƙagaggun labarai

Shekarar da Firth ya hau shugabancin maƙeran wuƙaƙe ita ce shekarar da sunan Sheffield ya cika jaridun Ingila kan wani abu dabam. A watan Oktoban 1866 aka tayar da albarushi a gidan wani mai washin zarto da ya saɓa da ƙungiyarsa ta ƙwadago. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1867, kuma a gabansa sakataren ƙungiyar masu washin zarto, William Broadhead, ya amsa cewa ya biya an kai hare-hare, har da harbin wani mutum mai suna James Linley wanda daga baya ya mutu.

Kisa kisa ne, ba wanda zai wanke shi. Amma mai son fahimta sai ya tambayi irin rayuwar da ta haifi wannan ƙiyayya. Masu washi suna wuni a sunkuye kan dutse mai juyawa, suna shaƙar ƙurar dutse da ta ƙarfe. Friedrich Engels, a littafinsa na 1845 kan halin ma'aikatan Ingila, ya kawo shaidar wani likitan garin mai suna Knight, ya kuma nuna cewa masu washi a busasshen dutse da ƙyar matsakaicin shekarunsu yake kai 35. Yawancin waɗannan mutane ba ma'aikatan Firth ba ne, a ƙananan wuraren washi suke. Duk da haka shi ne shugaban sana'ar a hukumance a shekarun da ake wannan dambarwa, kuma gajeren tarihinsa ya wuce shekarun uku kamar bikin naɗin sarauta kawai aka yi.

Wanda ya shiga wannan rami shi ne marubucin ƙagaggun labarai Charles Reade, da littafinsa Put Yourself in His Place na 1870, wato ka sa kanka a matsayinsa. Ya sake wa garin suna zuwa Hillsborough, ya gina mugun sakataren ƙungiya mai suna Grotait a kan Broadhead, ya kuma kawo ambaliyar da ta yi kama da ta 1864, lokacin da madatsar Dale Dyke ta ɓalle cikin dare ta kashe mutum 240 ko fiye. Reade ya yi abin da masu tarihin yabo suka ƙi: ya shigar da mai karatu ɗakin washi, ya sa shi ya ji ƙura da haɗarin dutse mai tarwatsewa, ya ɗora laifi a kan iyayen gidan da ke ƙin kashe kuɗi da ma'aikatan da ke ƙin sauyi.

Sai dai shi ma ya ja da baya a inda ya fi muhimmanci. Jaruminsa Henry Little ma'aikaci ne mai basira, amma uwarsa 'yar gidan masu ƙasa ce, ƙanwar wani babban mai gona. Kamar Reade bai yarda ɗan masu washi tsantsa zai iya ɗaukar littafi a kafaɗarsa ba sai an ɗiga masa jinin manya. To ka ga abin mamaki: mai tarihi yana rage asalin attajiri don ya zama abin koyi, mai ƙagaggen labari yana ƙara asalin ma'aikaci don ya zama jarumi. Dukansu biyu sun kauce wa mutumin da ke tsakiya, gwanin hannu irin Thomas Firth babba, wanda a kansa arzikin garin ya tsaya.

Kyautar ba wasa ba ce

Kada gyaran gangar auzinawa ya same mu, mu tashi daga yabo marar tambaya mu faɗa zagi marar adalci. Akwai masu sukar da da zarar sun ji attajiri ya yi kyauta sai su ce wankin suna ne, su rufe littafi. Wannan ma zubi ne, kuma ya fi na farko ragwanci.

Firth mabiyin ɗarikar Methodist ne mai riƙo, kuma kyaututtukansa sun yi aiki. Filin shaƙatawar yana arewa maso gabashin gari, ɓangaren ma'aikata, yana nan har yau kuma unguwar ta ɗauki sunansa. Kwalejin ta samo asali ne daga laccocin da Jami'ar Cambridge ta fara kaiwa garuruwan masana'antu, Firth ya ga ba su da mazauni ya gina musu. A 1897 ta haɗe da makarantar likitanci da ta koyon fasaha, a 1905 kuma suka zama Jami'ar Sheffield. Masu kuɗi irinsa da yawa sun mutu ba su bar wa garuruwansu ko rijiya ba.

Aikin mai sharhi shi ne ya sa ma'auni. Fam 20,000 na kwaleji ya yi daidai da albashin da Mark Firth ya fara karɓa, fam guda a mako, na fiye da shekara 380. Ta wannan fuska kyauta ce mai ban tsoro. Ta wata fuskar kuma, dukiyar da ya bari an ƙiyasta ta kusan fam 600,000, don haka kwalejin da gidajen gajiyayyu a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya rage a hannunsa ba. Adadin biyu duk gaskiya ne, kuma mai karatu ya cancanci ganin su a shafi ɗaya. Ya kuma cancanci sanin cewa lokacin da ake neman kuɗin kafa jami'ar a farkon ƙarni na 20, ma'aikatan ƙarfe da na ma'adinin kwal sun yi karo-karo da kwabbansu. Babban ginin jami'ar sunan Firth yake ɗauke da shi. Masu kwabo ba a sassaƙa sunansu a bango ɗaya bayan ɗaya.

Wani ɗan mai narka ƙarfe

Sheffield ta samar da littafin da ya cike giɓin, kuma daga cikin kamfanin Firth ya fito. An haifi Harry Brearley a 1871, ɗan wani mai narka ƙarfe a masana'antar Firth. Ya bar makaranta yana shekara 12 ya shiga aiki a nan, daga baya aka mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje yana wanke kwalabe, ya koyar da kansa kimiyya da karatun dare. A 1913, yana neman ƙarfen da zai jure zaizayar cikin bakin bindiga, ya haɗa ƙarfe da sinadarin kuromiyam ya samu ƙarfen da ba ya tsatsa. Saɓani ya shiga tsakaninsa da kamfanin kan wa ke da haƙƙin ƙirƙirar, ya bar su a 1915. Cokali da wuƙar da ba sa tsatsa a ɗakin girkinmu suna da dangantaka da wannan gwaji.

Brearley ya rubuta Steel-Makers a 1933 kan masu narka ƙarfe irin mahaifinsa, ya kuma rubuta tarihin kansa, Knotted String, a 1941. Ƙimar littattafan ita ce daga ƙasan tanderu suke kallon masana'anta, inda gwaninta take da fuska da suna. Idan aka ajiye rayuwarsa kusa da ta Mark Firth sai tambayar da tarihin yabo ya guje wa ta fito fili. Ga 'ya'yan masu narka ƙarfe biyu, dukansu masu basira da naci. Na farko ya zo lokacin da rami shida da ilimin uba suka isa a kafa kamfani. Na biyu ya zo bayan kamfanonin sun yi girman da ba mai iya tunkararsu da hannu, har abin da kansa ya haifa ya zama abin jayayya da iyayen gidansa. Abin da ya raba su ya haɗa da zamani da jari, kuma babu ɗayansu da ke cikin jerin kyawawan halayen da Smiles yake lissafawa.

Wannan magana ta shafe mu, domin mu ma muna rubuta tarihin attajirai da masu mulki, sau da yawa don ranar ƙaddamarwa, mai tarihin yana zaune a babbar kujera. Yabon gwani ya zama dole, ba wanda ya hana. Amma marubucin da yake son littafinsa ya rayu bayan an naɗe tabarmar biki sai ya yi tambayoyi ukun da aka ƙi yi wa Firth: me ya tarar a gidansu, hannun wa ya yi aikin, kuma ina hajar ta ƙare. Mutumin kirki ba ya raguwa don an amsa su. Mark Firth da aka nuna da ubansa, da masu jiƙaƙƙen buhu a ƙafa, da igwa, da kwaleji, ya fi wanda aka rataya wa laƙabi ɗaya kama da ɗan Adam, kuma ya fi shi abin koya wa mai karatu.